Shekarar da Aka Auna Babanku

Ku 'ya'yana, tun bayan rasuwar babanku nake jin wata magana tana yawo a dangi, har ta soma shiga bakin jikoki. Wai mutum ne mai ƙwaƙwalwa amma bai san ciwon kansa ba, ya bar sa'o'insa suka zama farfesoshi shi yana can ƙauye yana tsintar katantanwa. Ranar da jikata Binta ta zo da kwamfutarta ta nuna mini inda ake ƙirga sau nawa masana suka ambaci aikin kowane mai bincike, ta sa sunansa, ta sa na amininsa Farfesa Bashir, sannan ta rufe, na ga abin da yake a fuskarta. Abin da zan faɗa ya fi ƙarfin hirar tsakar gida, shi ya sa na ɗauko biro. Ba zan bi ku da jerin makarantun da ya yi ba, kun san su. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya faru bayan an datse ruwa a Tiga.

A lokacin muna zaune a gidajen ma'aikatan jami'a, ga lantarki ga famfo, ni ina koyarwa a firamare, shi kuma matashin likita ne da yake koyar da ɗalibai yana bincike a kan cututtukan da ake ɗauka a ruwa. Yayanku Babangida kaɗai gare mu, ko makaranta bai shiga ba. Garin su babanku yana cikin waɗanda ruwan dam ya ci. Gwamnati ta tashe su ta yanka musu fili a kan tudu, tsakanin Tiga da Tudun Wada, suka yi sabon gini. Da muka je musu babbar salla bayan ruwan ya cika, wansa Yaya Hamza, wanda ya bar garma ya koma kamun kifi, ya ce sai ya kai mu mun ga tsohon gari. Ni 'yar birni ce, ruwan da na sani shi ne kududdufi. Da muka gangara na ga ruwa ya miƙe har ya haɗe da sama, ba gaɓa ba iyaka, sai na ja da baya. Da ƙyar aka sa ni a kwalekwale. Muka yi ta tafiya a tsakanin kawunan itatuwa da suka bushe a tsaye, ɗorawa da rimi da tsamiya, tsuntsaye farare sun jeru a kansu. Can Yaya Hamza ya daina tuƙi, ya nuna ƙasa da filafili.

"Nan ne masallaci," ya ce. "Nan kuma, daidai ƙarƙashinmu, zauren Malam."

Na leƙa, ban ga komai ba sai fuskata da gajimare. Babanku ya tsoma hannu a ruwan ya daɗe bai fitar ba.

Malam shi ne kakanku, mahaifinsu. A tsohon gari zaurensa ba ya rabuwa da masu ɗaukar karatun littattafai, manyan mutane masu gemu, daga Yako da Burumburum har da na wajen Doguwa. Da aka tashi, ɗaliban suka watse, kowa ya bi inda aka ba danginsa fili, kabarin mahaifinsa da na malaminsa kuma suka zauna a ƙarƙashin ruwa. Bai yi kuka a gaban kowa ba, sai dai magana ta ƙaurace masa. Limancin gari yana hannunsa har lokacin. Kullum kafin azahar da la'asar sai ya ɗauki sandarsa ya gangara bakin ruwa, ya tsuguna yana fuskantar inda garin yake a da, ya yi alwala. Duk abin da Malam ya yi kuwa shi gari yake yi. Maza suka mai da wurin wajen alwala, mata suka mai da gefensa wajen wanki da wanke-wanke, yara kuma suna wuni a ciki kamar agwagi, a tsakanin kainuwa da bado.

A wannan zuwan ne matar Yaya Hamza ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. 'Yarsu Ladidi, yarinya ƙarama, ta rame, idanunta sun yi fari. Uwar ta ce da ni cikin raɗa yarinyar jini take fitsara, kuma ta ɓoye don tsoron abin da mutane za su ce. Tsargiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, amma a da ta samari ce, har ana yi wa yaro dariya a ce ya fara zama namiji. Ba a saba ganinta a jikin 'ya mace ba. Na gaya wa babanku. Washegari ya tara yaran unguwar a bayan gida, ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Da ya shigo ɗaki, hularsa a hannu take.

"Rabi," ya ce, "waɗanda ba su da ita su ne 'yan kaɗan. Har da na goye da ake shiga da su wanki."

Muna komawa jami'a muka tarar da albishir yana jiransa. Shugaban sashensu ya samo masa gurbi a Ingila, zai je ya yi shekaru yana aiki tare da wani babban masani da duniya ta sani. Ni kam har na fara tunanin rigunan sanyi. A ranar ne ya zaunar da ni ya bayyana mini yadda ake auna irinsu. Ya ɗauko wata mujallar likitoci ya buɗe ƙarshen wata maƙala, ya nuna mini jerin sunaye da ƙananan baƙaƙe. Ya ce duk wanda ya yi bincike ya rubuta, dole ya kawo sunayen waɗanda ya jingina da aikinsu. Akwai wasu mutane a Amurka da ba su da aiki sai bin waɗannan sunaye suna ƙirgawa, su buga a manyan littattafai, a aika ko'ina. In za a yi wa malamin jami'a ƙarin girma, sai a duba sau nawa aka ambace shi, kuma da su wa ya yi aiki. Wanda sunansa ya jeru da na babban masani, duk mai ambaton babban sai ya haɗa da shi.

"To, ai ka ga hanya ta buɗe," na ce.

"Ta buɗe," ya ce. "Amma in na dawo, wa zan tarar a cikin yaran nan?"

Da labari ya kai ga Bashir, abokinsa tun suna sakandare, da kansa ya zo gida. Ina kicin ina jin su.

"Isyaku, kada ka yi wa kanka haka. Ba a auna mutum a aikin nan da yawan yaran da ya duba. Ka je ka yi suna, ka dawo da ƙarfin da za ka taimake su."

"Ka je kai, Bashir. Ka fi ni hannu a ɗakin gwaji, ka sani. Ni abin da nake nema yana bakin ruwa."

Haka aka yi. Bashir ya tafi Ingila, babanku ya nemi izinin yin bincikensa a karkara, aka ba shi tsohon babur da madubin likita da ɗan abin da ba a rasa ba. Ya ce in zauna a birni da aikina, zai riƙa zuwa. Na kwana biyu ina juya abin. Na ga in na zauna, zan zama matar mutumin da ban san aikinsa ba. Na ajiye alli, na ɗaure kayana, muka sauka a sashen da Malam ya ba mu a sabon gida. Na koyi girki da kara, na koyi tafiya kasuwar Ƙafin Maiyaki a bayan a-kori-kura don sayen abin da a da nake aika yaro ya sayo a bakin titi.

Aikinsa kuwa ya sa mutane suka fara tausaya wa Malam. Likita guda, ɗan boko, sai a gan shi da dogayen takalman roba da rariya yana tace ciyawar bakin ruwa, yana zuba 'yan ƙananan katantanwa a kwalba. In ya gama sai ya zauna a ƙarƙashin bishiya wuni guda yana kallon masu shiga ruwa: su wa, da wane lokaci, a wace mashaya, don me. Da damina da rani haka yake. Ya bi mashayun wajen Kiru da Bebeji, ya bi rafukan da suke gangarowa daga duwatsun Doguwa. Wata rana na gaji na tambaye shi me katantanwa ta yi masa. Ya kira ni ɗakin da yake aiki, ya ɗiga wani abu a kan gilashi ya ce in sa ido a madubi. Na ga wani abu mai kama da ƙwayar kankana, da ɗan tsini a ƙarshensa kamar ƙaya. Ya ce ƙwan cutar ke nan, daga fitsarin yaro. Sannan ya ɗiga masa ruwa ya ce in yi haƙuri in ci gaba da kallo. Ina kallo abin ya motsa, ya fashe, wata halitta mai gashi-gashi ta fito ta shiga iyo da gudu kamar an biyo ta. Na ja da baya har na ture kujera.

"Subhanallahi! Wannan a jikin Ladidi yake?"

"Katantanwa yake nema yanzu," ya ce. "In ya same ta zai shiga ya hayayyafa, ya fito ya jira ƙafar mutum a cikin ruwa. In bai samu ba, kafin gobe ya mutu."

Ashe a cikin ɗigon da bai kai hawaye ba akwai mai rai da yake da hanyarsa da abin da yake nema.

Abin da babanku ya lura da shi shi ne, ba ko'ina cutar take a wannan makeken ruwa ba. Wasu 'yan mashayu ne masu ciyawa da kwantaccen ruwa, kuma ta fi ƙarfi a wani yanki na shekara. Mafi muni a garinmu ita ce mashayar Malam. Ya je ya durƙusa a gabansa ya yi masa bayani da ladabi, ina bayan ƙofar zaure ina jiran kwanon abinci.

"Launin ruwan ya sauya?" in ji Malam.

"Bai sauya ba, Malam."

"Ɗanɗanonsa fa, ko ƙanshinsa?"

"Ba su sauya ba."

"To, mai tsarki ne, mai tsarkakewa."

"Mai tsarki ne, Malam, amma akwai cuta a cikinsa."

Malam ya yi ƙasa da murya.

"Ruwan nan ya cinye mini gari, ya cinye mini kabarin uba. Abin da ya rage mini shi ne in taɓa shi da hannuna. Shi ma ka ce in bari? Tashi ka je, Allah ya yi maka albarka."

Malam ya ci gaba da gangarawa, gari ya ci gaba da bin sa. Babanku yana ba yara magani su warke, su koma ruwa su sake ɗauka. Maganin wancan zamanin kuwa ba irin na yanzu ba ne, yana galabaitar da mutum. Na san haka a kan ɗana. Babangida ya saci jiki ya bi 'yan'uwansa iyo, ba mu sani ba sai da na ga alama a wandonsa. Kwanakin da ya yi yana shan maganin nan yana amai, ba ya iya ɗaga kai, su ne mafi tsawo a rayuwata. Na tsaya a kan babanku na ce ya mai da ni birni da ɗana. Ya ce in dai yaro ya miƙe, duk abin da na zaɓa shi za a yi. Da yaron ya miƙe, na fita tsakar gida na ga Ladidi ta sake kwantawa a tabarma, uwarta tana yi mata fifita. Ita ba ta da birnin da za ta koma. Ban sake ta da maganar ba.

Babanku ya rubuta abin da ya gani, maƙala guda, aka buga a wata mujalla. Bayan wasu watanni sai ga ɗan aike daga gidan wayar Tudun Wada da 'yan katuna. A wancan lokacin in masani ya ji labarin aikinka, kati yake aiko maka yana roƙon ka aika masa da kwafe. Na riƙa juya su ina kallon kan sarkin da yake jiki: Masar, Sudan, Barazil, da wata ƙasa da sai da muka nemo taswira. Abin ya ɗaure mini kai. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Burumburum ba, suna can bayan teku, sun san akwai wani Isyaku a bakin ruwan Tiga. Na ce a raina lallai an gama, ƙarin girma ya zo.

Da lokacin ya yi, na raka shi jami'a. Kafin ya shiga gaban kwamiti ya kai ni laburare in ga littattafan ƙirgar da ya taɓa ba ni labari. Sun cika kanta guda, kowanne sai an sa hannu biyu, takardarsu shara-shara, rubutun kamar ƙwan kiyashi. Na tsaya ina tunanin duk waɗannan sunayen mutane ne, kowa da garinsu da uwarsa, kowa ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wani abu guda, kuma kowa yana riƙe da rigar wani. Ban taɓa sanin ilimi yana da yawa haka ba. Ya buɗe wajen sunan Bashir, layi ya sauko har kusan ƙasan shafi. Ya buɗe nasa. Da na ɗora ɗan yatsana a kai, ya rufe duka.

"Ina masu katunan?" na tambaye shi.

"Wasu ba su rubuta nasu ba tukuna. Wasu kuma mujallun ƙasashensu ba sa cikin waɗanda ake ƙirgawa."

Kwamiti ba su wulaƙanta shi ba. Sun yaba masa, suka ce da ma'aunin da yake hannunsu bai kai ba, ya ƙara ƙoƙari, ya nemi manyan abokan aiki. Labari ya riga mu isa gida. Na ji wata tsohuwa tana cewa ashe ko 'yan bokon ma ba su yarda da zancen katantanwar ba.

Da kaka, ana tsakiyar yankan dawa, wata Landiroba ta tsaya a ƙofar gida bayan azahar. Wani dogon mutum baƙi ya fito, da farar jallabiya da rawani, ya yi sallama da wata irin Hausa mai nauyi, irin ta tsofaffi. Ya ce sunansa Dakta Abdurrahim, daga Sudan. Taro ya kawo shi Nijeriya, ya ce ba zai koma ba sai ya ga mutumin da ya rubuta maƙalar Tiga. Ya yi ta tambaya tun daga Kano. Babanku yana bakin ruwa, aka aika a kira shi, baƙo kuma aka shigar da shi zauren Malam kamar yadda aka saba. Da Malam ya ji harshensa sai ya juya zuwa Larabci. Ina kawo fura na ji abin da ban taɓa ji ba tun zuwana gidan: Malam yana dariya.

Babanku ya iso da laka a wandonsa. Baƙon ya miƙe ya rungume shi kamar ɗan'uwan da ya ɓata. Na koma bayan ƙofa na tsaya ina saurare. Suna yi da Larabci suna sirkawa da Hausa, abin da ya wuce ni babanku ya cike mini daga baya. Baƙon ya ce a ƙasarsu akwai gonakin auduga da ake shayarwa da ruwan Nilu, magudanai ba iyaka, tsargiya ta addabi mutane, kuma ba su da ƙarfin bin kowane magudani. Da ya karanta aikin babanku, sai suka zauna su ma suka kalli mashayu, suka gano waɗanda suke da haɗari, suka tattara ƙarfinsu a kansu. Ya ce garuruwan da ya fara gwadawa na Hausawa ne, jikokin alhazan da suka tafi Makka a ƙasa suka yada zango a can. A bakin marasa lafiyarsa ya koyi Hausa.

"'Ya'yan mutanenmu?" in ji Malam.

"Su, ya Shaihu. Akwai masu cewa kakanninsu daga ƙasar Kano suka taso."

Baƙon ya buɗe jaka ya fito da tasa maƙalar, wadda aka buga a mujallar ƙasarsu, ya miƙa wa Malam da hannu biyu. Malam ba ya karanta boko. Ya juya takardun a hankali har ya kai ƙarshe, ya tsaya a kan jerin nan na ƙananan baƙaƙe.

"Waɗannan fa?"

"Sunayen waɗanda na karɓa daga gare su ne. Ba a yarda mutum ya faɗi magana a wannan ilimi sai ya nuna inda ya samo ta, don mai shakka ya bi ya bincika."

"Kowace magana da mai ita?"

"Kowace magana."

Malam ya gyara zama. "Ai wannan isnadi ne. Haka muka karɓi hadisi, wane daga wane daga wane. Ina Isyaku a ciki?"

Baƙon ya ɗora yatsa a kan wani layi. Malam ya sunkuya yana kallon baƙaƙen da bai san su ba, ya daɗe.

"Kai ka karɓa daga yaron nan?"

"Na karɓa daga gare shi, ɗalibaina kuma suna karɓa daga gare ni."

"Isyaku, kai kuma daga wa?"

Babanku ya tashi ya ɗauko tasa, ya durƙusa yana karanta sunayen yana faɗin ko su wane ne: wannan Bamisire ne, wannan Bature, wannan mutumin Japan, wannan ya rasu tun kafin a haifi Malam, shi ya fara ganin tsutsar da idonsa. Malam yana gyaɗa kai a kan kowane suna kamar yana jan carbi.

"Ni na ɗauka ra'ayinka ne," ya ce. "Na ɗauka ƙuruciya ce da boko. Ashe magana ce mai dangantaka. Me ya hana ka gaya mini?"

"Ban san za ka tambaya ba, Malam."

"Kawo madubin nan naka."

Aka fito da shi tsakar zaure inda haske yake. Malam ya cire tabarau, ya sa ido. Babanku ya ɗiga ruwa. Can Malam ya ɗago, leɓɓansa suna motsi da tasbihi, ya sake sunkuyawa. Da aka kira la'asar, bai ɗauki sandarsa ba. Ya ɗaga murya ya ce a kawo masa buta daga randa.

Baƙon ya kwana biyu, suka zaga mashayu tare da babanku, suka ƙulla aikin da suka ci gaba da yi ta wasiƙa har tsufansu. Ranar Juma'a, bayan an sallame, Malam ya ce kowa ya zauna. Gidanmu yana jikin masallaci, mu mata muka taru a gindin katanga. Muryarsa ta fito kamar ta da, wadda matan gidan suka ce rabon da su ji ta tun tsohon gari.

"Jama'a, zan gaya muku wata magana, kuma zan gaya muku inda na samo ta. Na karɓe ta daga ɗana Isyaku, shi ya karɓa daga malamansa, su daga nasu malaman, wani masani daga Sudan ya shaida ingancinta, ni kuma na gani da idona. Ruwan mashayarmu mai tsarki ne, amma akwai cuta a cikinsa, kuma addini bai yarda mutum ya cutar da kansa ko 'ya'yansa ba. Daga yau ni na bar alwala a can."

A makon aka yi gayya aka fara haƙa rijiya, masunta suka share ciyawar mashaya, mata suka mai da wanki bakin rijiyar. Ba zan ce muku cutar ta ƙare ba, masunci dole ya shiga ruwa, yaro kuma yaro ne. Amma Ladidi ba ta sake kwantawa ba, ita ce Yaya Ladidin da kuka sani da jikokinta. Maƙalar Dakta Abdurrahim ba ta shiga littattafan ƙirga ba, balle hudubar Malam. An yi wa babanku ƙarin girma daga baya, a makare, bai kuma kai farfesa ba har ya yi ritaya. Bashir ya kai, kuma ya cancanta, kada in ji wani ya rage masa. Ni ma ban sake komawa aji ba sai da kuka tasa.

Washegarin wannan Juma'ar, da hantsi, babanku yana kan kujera a ɗakin aikinsa, ina share ƙofar ɗakin, sai ga Malam da buzunsa a hammata. Tunda muka zo bai taɓa taka sashenmu ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya wuce ciki, ya shimfiɗa buzun a ƙasa a gaban kujerar, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa kamar yadda ɗalibansa suke zama a gabansa. Babanku ya zabura zai sauko.

"Zauna inda kake," in ji Malam. "Na faɗa wa jama'a na karɓa daga gare ka, alhali ƙarshen maganar kaɗai na ji. Ba a karatu haka. Ɗauko takardar, ka faro mini daga farko, kana fassarawa. In ban gane ba zan tsayar da kai."

Babanku ya ɗauko takardar. Malam ya jira shi, kansa a sunkuye, hannayensa a kan gwiwa. Sai da babanku ya share hawaye da hannun riga, sannan ya yi bisimilla ya fara.